Farfelar Bazawara

Harlow, Carolina ta Arewa
Litinin

Zuwa ga ƙanena Dewey,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na san ƙofarka na kallon tawa, amma tunda ka rantse ba ka ƙara yi mini magana tun tseren bara, ga takarda a akwatinka.

Na ji a bakin Mama cewa ka sayo wa motarmu Bazawara farfelar alminiyam. Dewey, motar nan mu biyu Baba ya bar wa, ba kai kaɗai ba. Da hannuna na ɗaure injinta, na san abin da ke cikinsa, kuma duk ƙarfin nan ta farfela yake bi kafin ya isa tayoyin baya. Ranar Asabar, fitila na yin kore ka taka totur, karan nan da ka sayo zai murɗe kamar an matse tsumma. A bar ta baƙin ƙarfen da na sa.

Ka tuna wannan ne tsere na ƙarshe kafin a rushe filin a gina gidaje. Ba na son sunan gidanmu, Pruitt, ya bar wurin a bayan janwe.

Yayanka,
Vernon

Talata

Yaya Vernon,

Gaisuwa mai yawa. Takardarka ta iso lafiya, ba ta sha wuyar hanya ba.

Farfelarka ba ta mota ba ce, ta tarakta ce. Da na ciro ta sai da ƙuguna ya amsa. Tseren nan rubu'in mil ne, Yaya, ba katako za mu kai Texas ba. Bara Buck Tillery ya wuce ni da tsawon hancinsa, kuma ka san hancin Buck bai taka kara ya karya ba. Har yau in ya gan ni a gidan mai sai ya ɗaga murya: "Pruitt, tarakta ta huta? Ina da gona tana son huɗa!"

Na cire kujerar baya, na cire rediyo, na cire hita. Ni kaina na daina cin burodin masarar Mama. Duk abin da ba ya gudu sai ya sauka, har da ƙarfenka.

Ka huta lafiya,
Dewey

Alhamis

Ƙanena,

Ina gaisuwa. In ka ga tabon giris a garejinka, ni ne. Jiya kana coci wajen koyon waƙa na shiga na mayar da ta ƙarfen. Karanka na jingine shi a bayan gidan Mama. Ni ba ɓarawo ba ne.

Zancen rage tumbi kuma, matata ta gan ka a fakin motoci na cocin da cinyar kaza a kowane hannu.

Yayanka mai son ka da arziki,
Vernon

Juma'a da safe

Vernon,

Yau babu gaisuwa.

Na sake ciro taraktarka, na kai ta gidan Mama na yar da ita a tsakar gida, na zagaya baya in ɗauki tawa. Babu. Na duba ɗakin ajiya, na duba akurkin kaji, na koma gida na juye gareji. Da na dawo in ɗauki taka ko don dole, ita ma ta yi ƙafa. Yanzu Bazawara na kan jak, cikinta fayau, kuma gobe ne tsere. Ina ka kai su? In wasa ne, ya isa haka.

Dewey

Juma'a da rana

'Ya'yana Vernon da Dewey,

Ina gaishe ku, Allah ya yi muku albarka. Takarda biyu na rubuta iri ɗaya, kada wani ya ce an fi son wani.

Ku daina zargin juna, suna wurina. Rumfar ƙofar gidana ta daɗe da sunkuyowa. Na gaya wa babba ya ce gobe, na gaya wa ƙarami ya ce jibi. Sai ga ginshiƙai biyu har gida. Mai nauyin na tokare rumfa da ita, marar nauyin kuma ta riƙe mini igiyar shanya, ta yi kyau ƙwarai. Buck Tillery ne ya kama mini da yana wucewa. Yaron kirki, yana ta dariya har da hawaye, ya ce in gaishe ku.

Mai son farfela ya zo da guduma da katako da ɗan'uwansa. Kuma sai na ji kun gaisa da baki, da kunnena. Na dafa wake da naman alade.

Mahaifiyarku,
Earline Pruitt

Lahadi

Ƙanena Dewey,

Ina kwana. Tunda ka ƙi buɗe ƙofa tun jiya, na koma takarda.

Ba laifina ba ne da aka sa ta ƙarfe. Kana tsaye Mama ta ce zannuwanta ba su bushe ba, ba mai taɓa mata igiya. Ba laifina ba ne kuma da ka zabura kafin fitila ta yi kore, ja ta kama, aka soke ka tun ba ka yi taku goma ba. Amma fito, ɗan'uwa. Bazawara ta bar Buck a baya da tsawon tirela, duk filin ya gani, alƙali ne kawai bai lissafa ba. Ni kam na yi ihu har muryata ta dushe.

An ce akwai tsere a Virginia wata mai zuwa, kuma wanki ya bushe. Zo mu gwada karan naka.

Amma ni zan tuƙa.

Yayanka,
Vernon