Tankar Yaƙin Baba

Dawaki, Gombe.

Yaya Noah,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Lizzy da yara. Ya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau, sai dai maganar aurena da ke neman wargajewa saboda tankar yaƙi.

Ka san Hillary, malamin makarantar nan da ke nemana. Ranar Lahadi ya zo gaida Baba. Na gargaɗe shi ya yi gaisuwa ya kama bakinsa, amma da ya ji Baba direban tanka ne a zamanin sojansa, sai surutu ya ɓarke. Wai ya san tanka sarai, a fim ya ga wata ta tsallake kogi ta dira, direban ya fito da farar riga ko gumi babu. Har da cewa Baba ya more aiki, ana yaƙi yana zaune a inuwa!

Yaya, ka san fuskar nan ta Baba. Ya ce tankar gaske ko kwata ce sai ta yi shawara kafin ta haye, cikinta kuwa tanda ce. Ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda fim ya raina ba. Ni kuwa ina son shashashan nan, har abinci ya fita a raina. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hilda.

Yaya Noah,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, ga yadda aka ƙare.

Mama ta roƙa, Baba ya gindaya sharaɗi, wai sai Hillary ya ɗanɗana tanka. Ka tuna matacciyar motar nan da kaji ke ƙwai a ciki? Da tsakar rana ya sa shi ciki, ya rufe gilasai da buhuna, ya bar masa 'yar kafar leƙe, ya kifa masa tukunya a ka. Sannan ya ɗauki taɓarya yana dukan rufin, wai ruwan harsasai ke nan. Maƙwabta har kan katanga. Kunya ta kusa kashe ni.

Da aka buɗe, Hillary ya fito sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Na ɗauka zai nufi ƙofa. Sai ya durƙusa, da tukunyar a kansa, ya tambayi Baba su wa ke tare da shi a cikin tankar gaske, kuma duk sun dawo gida?

Baba ya ajiye taɓaryar. Can ya ambaci wani Nuruddeen, mai harba igwar tankarsu, wanda bai dawo ba. Yaya, mu da ya haifa ba mu taɓa tambayarsa ba. Na yi kuka.

An sa rana. Damuwata yanzu ɗaya ce: kullum Hillary yana gidanmu, amma ba wurina yake zuwa ba. Suna can shi da Baba gaban talabijin, suna ƙaryata tankokin fim.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Hilda.