Hannun Hagu a Cikin Gilashi

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna, da sauƙi?

Na gano dalilin da ya sa Inna ta daina ɗaukar wayata. Sani mai gadi a wurin aikinmu, ɗan unguwarku, ya aika gida cewa ina Doha ina hidimar hotunan annabawa, har da na Annabi Ibrahim yana miƙa wa baƙi abinci da hagu.

Hoton yana nan a gidan adana kayan tarihin da nake aiki, tsohon aikin wani mutumin ƙasar Holan ne. A farantin tagulla ake karta zanen, a shafa tawada, a danna takarda, sai komai ya fito a juye kamar a madubi. Hannun dama mutumin ya zana. Da na yi wa Sani bayani, sai ya ce, "Malama, ke ma boko ya juya ki."

Ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Shekara huɗu na karanta zane a jami'a, amma ba a taɓa bari na taɓa hoton ba. Gilashinsa kawai nake gogewa, kuma da dama.

Ki roƙe ta ta ɗauki wayata ranar Juma'a. A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Hadiza