Na Yi Wa Ɗiyata Ƙarya A Kan Bakin Karena

Assalamu alaikum Gwaggo Suwaiba. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki ɓoye sunana. Kwana huɗu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don ban san yadda mutum mai shekara hamsin da bakwai, mai jikoki, zai ce bakin kare ne ya hana shi sukuni ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye cikin karkarar Gangara, kuma ni ke kiran salla a masallacin unguwarmu shekara goma sha ɗaya ke nan. Gidana ne na ƙarshe ta gabas, daga shi sai gonaki, shi ya sa nake da kare mai suna Goje. Shekararsa tara a wurina. Tun da ya girma ba a taɓa kwance mini akuya ba, alhali an sha yi wa maƙwabta. Ba ya shiga ɗaki, ba ya taɓa kwanon kowa, kaskonsa na gindin rumbu.

Ɗiyata Basira tana aiki a wani shagon maganin dabbobi a Maradi. Da ta zo babbar salla ta ce bakin Goje na wari fiye da kima. Na yi dariya, na ce yaushe bakin kare ya taɓa ƙamshi. Sai ta sa safar hannu ta ɗaga leɓensa, ta nuna mini dasashin ya yi ja ya kumbura, ga wani datti ya daskare a gindin haƙoran. Ta fito da wasu 'yan siraran takardu, ta goga ɗaya a jikin dasashin, nan da nan bakin takardar ya koma rawaya. Ta ce duk sadda rawayar ta ƙara duhu, ciwon ne ya ƙaru. Ta bar mini guda goma sha biyu da safar hannu, ta ce in riƙa gwadawa duk sati biyu ina faɗa mata ta waya, in launin ya yi duhu a kai shi wurin likitan dabbobi a Gazawa.

Sau biyu na yi lafiya lau. A na uku, da hantsi, ina tsugune bayan gida hannuna a bakin kare, sai maƙwabcina Labo ya biyo da amalankensa ya gan ni. Sannu kawai ya yi mini ya wuce. Amma bayan la'asar ya ba da labarin a majalisa, har da kwaikwayon tsugunona. Wani ya ce ashe garinmu ya samu likitan haƙoran karnuka. Wannan na daure. Sai wani dattijo da nake girmamawa ya tambaye ni, kuma ba da wasa ba, ko da wannan hannun nake riƙe lasifikar masallaci. Gwaggo, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina komawa gida na cusa takardun cikin jinkar rumbu, ban sake taɓa su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Duk sadda Basira ta kira ta tambaya, sai in ce na gwada, launin bai sauya ba. Wata huɗu ina faɗa mata haka. Tana ta hamdala, tana yaba mini, har ta ce tana ba masu zuwa shagonsu labarina, wai babanta a ƙauye ya fi mutanen birni kula da dabba.

Ni kuwa ina gani da idona Goje ya daina tauna ƙashi. Ya koma cin abinci da gefe ɗaya, daga baya ya fara barin ƙanzo a kasko. Na ce tsufa ne. Wata rana ma da ya ƙi ci na ɗauki kara na tsula masa, na ce ya ƙoshi ne. Bai gudu ba, kwanciya kawai ya yi ya dube ni. Satin da ya wuce na tsinci haƙorinsa cikin kasko. Yanzu yawu ke dalala daga bakinsa haɗe da jini, ƙasan idonsa na hagu ya kumbura, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Duk da haka in ya gan ni yana kaɗa wutsiya, yana kuma shan ruwa.

Mutane sun ga yawun sun ce haukan kare ne. Matar Labo ta hana 'ya'yanta bi ta ƙofata. Mai unguwa ya aiko cewa kafin ranar kasuwa mai zuwa, ko in kawo shaida daga likita, ko a kashe shi. Maiɗakina ta ce in kira Basira, amma da wane baki? In na ɗora shi a amalanke kuma, sai na ratsa tsakiyar gari kowa na kallo. Akwai ranar da na ce bari in bar su su kashe shi, maganar ta mutu tare da shi, Basira ba za ta taɓa sani ba. Da na ji kaina ina wannan tunani ne na ɗauki alƙalami. Gwaggo, yaya zan yi?

Wani ladani, daga karkarar Gangara

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da wannan nauyi, kuma ka yi daidai da ka rubuto kafin ranar kasuwa.

Mu fara da maƙwabta, don suna da gaskiyarsu. Haukan kare yana kisa, uwar da ta janye 'ya'yanta ba ta yi laifi ba. Abin da ka bayyana, wato watanni ana fama, haƙori ya faɗi, kare yana shan ruwa yana gane mai shi, ya fi kama da ciwon dasashi da ya yi nisa har ya tara mugunya. Amma ni ban gan shi ba, kuma ni ba likita ba ce. Ka ɗaure shi a inuwa nesa da yara, kada kowa ya sa hannu a bakinsa yanzu, har kai. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti nan take.

Takardun cikin jinka ka bar su. Wata huɗu cikin zafi da damshi, mai yiwuwa sun lalace, kuma dama ba magani ba ne. Amfaninsu su sanar da kai tun ciwo bai fito fili ba, yanzu kuwa ya fito. Abin da Goje ke bukata likitan dabbobi ne, ya duba, ya cire haƙoran da suka ruɓe, ya ba da maganin da ya dace, ya kuma rubuta wa mai unguwa takarda. Ka tambaye shi batun allurar riga-kafin hauka. In ratsa gari ya yi maka nauyi, je buro, wato ofishin likitocin dabbobi, a Gazawa ka roƙa a zo gida a kan moto, wato babur. Kafin nan ka jiƙa masa tuwo ya yi laushi, ka ajiye ruwa mai tsabta. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, yana iya kashe kare, kyanwa kuwa ya fi saurin kashe ta.

Maganar dattijon, ka kai ta wurin limaminku ka tambaya a fili, ya faɗa maka hukuncin kare mai gadin dabbobi da yadda ake tsarki bayan an taɓa shi. In ka ji daga bakinsa za ka samu abin faɗa a majalisa. Labo kuma ka same shi ku biyu. Wataƙila bai san inda raharsa ta kai ba.

Saura Basira. Ka kira ta yau, kafin ka nemi likita. Kada ka fara da labarin Labo, ka fara da cewa ba ka gwada ba kuma ka faɗa mata abin da ba haka ba. Za ta ji zafi, ka ba ta lokacinta. Ta san aikin, ta san wanda za a kira, kuma gara ta ji daga bakinka da ta ji a bakin 'yan gari. Kuskure ka yi, Malam, kuma karen ya sha wahala saboda shi, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai yana da rai, akwai sauran abin yi.

In ya warke, ka mayar da duba bakinsa al'ada, ko da takarda ko babu: ka sa safar hannu ka ɗaga leɓe, ka duba ja, kumburi, jini, wari, ko haƙori mai girgiɗi. Da ka ga sauyi, sai likita.

Allah ya ba Goje lafiya, ya sanyaya zuciyar Basira, ya daidaita tsakaninka da maƙwabtanka.

Gwaggo Suwaiba