Datti Yana Duban Dama

Badarawa, Kaduna
19 ga Maris, 1972

Zuwa ga 'yata Rahmatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya zafin Gusau? Mu nan sai godiya, gwiwoyi ne kawai suke riga kowa gaishe ni da asuba.

Kin ji a rediyo, ran biyu ga watan gobe motoci za su koma bin hannun dama. A majalisa kowa raha yake yi, ni kuwa dariyar ta ƙi zuwa. Kin san yayanki Datti. Shekara talatin da huɗu bai taɓa jera kalma biyar ba, amma abin da ya shiga kansa ya shiga ke nan. Marigayiya mahaifiyarku ta yi shekara biyu cur tana koya masa tsallaka titi: ya tsaya gindin falwaya, ya dubi dama, ya taka zuwa tsakiya, sannan ya dubi hagu. Da wannan karatun yake zuwa shagon Sanda tela kullum, ya zauna yana ware maɓallai, ja da ja, fari da fari.

To, gwamnati ta juya titi, ba ta shawarci Datti ba. Jiya na shimfiɗa tabarma a tsakar gida a matsayin kwalta, ni da furfurata na zama mota, na taho ta hagu har da oda. Ya bari na gama wahalata, ya dubi dama.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Audi Masinja

16 ga Afrilu, 1972

'Yata Rahmatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada hankalinki ya tashi. Kwana uku da juya titi, madubin wata tasi ya bugi Datti a kafaɗa. Ƙashi bai karye ba. Likita ya ce abin nasa ba iska ba ne, ba hauka ba ne, haka aka halicce shi. Ya faɗi sunan abin da Turanci, kafin in kai bakin ƙofa ya zube mini.

Na tsare shi a gida kwana uku. Ya ƙi tuwo, ya dinga buga goshi a bango har sai da ya fashe. Na buɗe masa ƙofa.

Mutanen unguwa sun yi mana kara. Bayan la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Malam Lawan akawu ya buga takarda da tafireta, ana roƙon a ajiye mana mai ba motoci hannu a gindin falwayar, mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu ko suka dangwala. Ni na kai ta ofishin gwamnati da ƙafata. Shekara talatin ina ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, na san inda irin wannan takarda take kwanciya, amma na yi wa yaron da ya karɓa godiya har da rusunawa.

Kafin amsa ta zo an raba kwanaki. Litinin Hansai mai ƙosai, Talata Rabe mahauci, haka har mako ya zagayo. Tunda Datti ba ya yarda a riƙe masa hannu, mai ranar sai ya tsaya ta hagunsa ya duba masa. Shi yana nan yana duban dama abinsa, ya ɗauka tafiyarsu ce kawai ta zo ɗaya.

Mahaifinki,
Audi

23 ga Yuli, 1972

'Yata Rahmatu,

Ina gaishe ku duka, yaya ruwa? Wasiƙarki ta iso, Allah ya yi miki albarka, ke da maigidanki.

Kin ce in turo miki shi. Rahmatu, mutumin da ba ya barci in an matsar da filonsa, ina zai kai kansa a Gusau? Can babu falwayarsa, babu Sanda.

Ofis sun amsa, sun ce ana duba maganar. Damina kuma ta ci mana kwanaki. Rabe ya tafi gona, Hansai ta koma gida wankan jego, an yi wa Malam Lawan canjin aiki zuwa Jos. Ba wanda ya gaji da mu, kowa rayuwarsa ce ta kira shi. Sanda ya rantse mini in na riga shi tafiya zai riƙe Datti har ƙarshe. Na yi masa godiya. Ban tuna masa ya girme ni da shekara biyu ba.

Yanzu kwana huɗu cikin bakwai ni ke tsayawa ta hagunsa. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, sai ke. Wannan wasiƙa da hancina a kan takarda na rubuta ta. Yanar ido ta rufe mini gani tun bara, mota ba na ganinta, sai dai in kasa kunne. Da safe ina kama bakin rigarsa ta baya, wannan ya yarda da shi. Mutane suna wucewa suna sa mini albarka, wai tsoho yana tsallakar da ɗansa. Ni kuwa ina juya fuska hagu don su ga na juya.

In an yi girbi ki nemi izini ki zo, ko na mako biyu ne, ki tsaya mana ta hagu. Kafin nan, kullum ƙarfe takwas muna gindin falwaya, shi yana duban inda mota ba ta zuwa, ni ina duban inda take zuwa ba na gani, sai mu yi bisimilla mu taka.

Mahaifinki,
Audi