Kada Goggo Ta Sake Rufe Kwamfutar Nan

Kalilu,

Na tahi Turba ɗibar ruwa, rijiyarmu ta koma laka. Za ni daɗe. Kana ta minshari, ban tashe ka ba.

Kwamfutarka lafiyarta lau, ka bar zagin mai gyara. Na kama mai laifin, Goggo Kande ce. Duk sadda ka bar ta buɗe, sai ta lallaɓo ta rufe murfin, har ta kifa mata faifai, wai ba a barin abu baki sake, aljannu na sa hannu. Ita kuwa kwamfutar, da an rufe ta sai barci, in ta farka ta manta da wayifai ɗin da ke ba ta intanet ɗungum, ko ka manna mata wayata ba ta ganinta. Halinku ɗaya, kai ma in ka tashi ba ka gane kowa.

Ka kashe ta gaba ɗaya, ka sake kunnawa, za ta kama. Na gwada. Wayata na ƙarƙashin matashinka.

Ka duba hasashen ruwan sama kafin Baba ya dawo daga masallaci. Shuka biyu rana ta ƙone mana, irin geron da ke cikin tukunya shi ne na ƙarshe, kuma ya rantse yau sai ya binne shi a busasshiyar ƙasa. In ka ga ruwa na tahe, ka raka shi gona. In babu, ka ɓoye sungumin shuka, ka ce mashi aljannun Goggo ne suka ɗauke.

Luba