P Uku Daga Gendis

Talata, 6 ga Agusta

Gendis ba ta zo makaranta ba. Jiya da la'asar ta turo min "P" sau uku. Harafin nan da yaranmu na nan garin Ponorogo ke jefa wa juna a waya, wai ƙwanƙwasa ƙofa ke nan. Ni kuwa tun farkon zango na kafa wa ajina doka: saƙo ga babba sai da sallama, da suna, da neman afuwa. Na gani, ban amsa ba. Don ta koya.

Laraba, 7 ga Agusta

Yau ma kujerarta wayam. Na kira, waya a kashe. Na tambayi 'yan ajin. Bagas ya ce, "Bu," wato Malama, "mu ma ta yi mana P a zauren aji na waya, muka mayar mata da hoton kyanwa tana hamma." Aka yi dariya. Su talatin da ɗaya, ba wanda ya ce mata lafiya? Ban yi musu faɗa ba. Da wane bakin?

Alhamis, 8 ga Agusta

Na hau babur har gidansu, can bakin gonar rake. Ƙofa a kulle, shanya ta ƙandare a igiya. Ita da kakarta, Mbah Sutinah, kaɗai ke zama a gidan. Uwar tana aikatau a Taiwan, sai Lahadi ake ba ta wayarta. Maƙwabciya ta ce ita ma ba ta gan su ba. Na daɗe tsaye kusa da rijiyar bayan gida. Daga baya na leƙa. Ruwa ne kawai. Ya Allah.

Juma'a, 9 ga Agusta

Tana raye. Mai kawo kayan miya ne ya faɗa min, shi ya samo motar da ta kai su asibitin gari. Mbah ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Na je asibitin na same ta: kwana huɗu yarinyar nan tana kan tabarma a baranda, ba caji, ba kowa. Ta kama hannuna ta kai goshinta.

Na ce, "'Yata, me ya hana ki faɗa min?"

Ta ce, "Hannuna ne ke rawa, Bu. Na fara sallamar, ta ƙi rubutuwa." Can ta ƙara, "Na ga kin karanta. Na ɗauka fushi kika yi."

Litinin, 19 ga Agusta

Mbah ta fara motsa yatsu. Gendis ta turo saƙo: sallama, cikakken suna, ajinta, haƙuri sau biyu, sannan wai ko za ta iya dawowa jibi. Ba kuskure ko ɗaya. Tana cikin rubutawa na riga na buɗe ina jira.

Yau ne ya kamata in koya wa 'yan aji ɗaya ladabin saƙo. Na ba su karatu kawai. Na ce wa shugaban makaranta lokaci ne ya ƙure.