Irin Waken Soya Da Ya Jira Ni

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Iri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Farfesa, da dukan ma'aikatanka masu yini cikin rana saboda manomi.

Ni direba ne a wani gida a Nassarawa GRA, shekara goma sha ɗaya ke nan. Gonata tana ƙauyenmu, gaba da Tudun Wada, mahaifiyata ce ke lura da ita. Maigidana Alhaji mutumin kirki ne, amma ba ya sakina sai an yi hutun makarantar 'ya'yansa. Waken soya kuwa ba ruwansa da hutu. Da ya bushe, rana ta take, sai kwanson ya dinga fashewa yana watsar da ƙwaya. Kullum in na isa, kaji da kurciyoyi sun riga ni girbi.

Na farko, godiya. Shekaran bara malaminku na gona ya ba Inna kwano biyu na sabon irinku. Na makara da kusan mako uku, na je na tarar da shi a tsaye, baki a rufe. Wallahi na tsuguna a kunya na yi ta shafa shi. Duk wanda ya haɗa irin nan ya san halin irinmu, Allah ya saka masa.

Na biyu, kuka. Takardar da aka haɗo da shi da Turanci take, kuma ba wanda ya ce wa Inna kada a gauraya. A gidanmu tun kakanni, in sabon iri ya shigo sai a juye shi cikin tulun tsohon iri, don in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya kama. Haka ta yi da wanda ta ajiye bayan girbin farko, da kyakkyawar niyya. Bara gona ta rabu, wani na fashewa, wani na jira. Ba na ganin laifinta. Ku da kuka yi shekaru kuna wahalar irin nan, jimla ɗaya da Hausa ce ta gagare ku?

Na uku, sau huɗu ina zuwa ofishinku a ranar da ba ni da tuƙi. Ana karɓata da fara'a, har da kujera, amma amsar ɗaya ce, wai irin ya ƙare, in dawo. Na gaji, Farfesa. In bana ma waken ya zube, zan ba da gonar aro, Inna kuwa ba ta taɓa cin abin da ba daga gonar nan ya fito ba.

Roƙona: a sayar mini da kwano biyu kafin ruwa ya sauka, a kuma rubuta bayanin da Hausa, a faɗa a rediyo. Yanzu haka Inna na can da faifai a cinya, tana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya, wai za ta gane naku da ido. Na kasa gaya mata kamarsu ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi wa zuriyarka albarka.

Wassalam.
Naka, Sule Direba, Nassarawa GRA, Kano.